Mu Ne Kurar Baya

Ambaliyar bara ta tafi da gadar rafinmu,
ta bar gungume biyu tsaye kamar haƙoran tsohuwa.
Turbar daji ta yanke, ciyawa ta cinye sawu.
Sai ƙauye ya ce a yi tsere:
babba dala ashirin, yaro rabi,
a tara a sayi katako da ƙusa.

Asabar ce, ƙarshen Satumba a Kebek,
ganye ya yi ja kamar an watsa manja a kan tuddai,
sanyi yana cizon kunne.
Mu uku muka rubuta suna:
ni, da ɗana Florian mai shekara bakwai,
da mahaifina Armand,
wanda likita ya hana ɗaukar nauyi
amma bai hana shi gardama ba.

Aka busa usur.
Tsoffin tayoyi goma sha biyu a jere,
Florian ya tsallake su kamar ɗan akuya.
Raga a shimfiɗe, muka shige ƙarƙashinta da jan ciki,
Baba a bayana yana gunaguni
wai shekara saba'in rabonsa da rarrafe.

A ramin taɓo takalmin yaron ya nutse.
Odile mai gidan burodi ta fasa gudunta,
ta zura hannu har kafaɗa,
ta zaro takalmi. Ba namu ba ne.
Ta sake zarowa. Na wani ƙato.
Sai a karo na huɗu,
lokacin dariya ta riga ta zaunar da mu a ƙasa.

Sannan katangar katako.
Baba ne ya kafa ta ranar Alhamis da gudumarsa,
yana cewa a ƙara mata tsayi, yaran yanzu sun cika son jiki.
Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.
Ga hanya a gefe don wanda ya gaza,
ko kallonta bai yi ba.
Florian ya haɗa tafukansa ƙanana ya ce, "Taka nan, Kaka."
Tagwayen Gaétan suka kawo kafaɗa,
na tura daga baya,
ya hau.

Ya hau, ya ƙi saukowa.
Ya zauna bisa, ƙafa ɗaya nan, ɗaya can,
idonsa a hayin rafi.
Ya ce, "Daga nan ana hango dutsen
da uwarki take zama ta cire takalmi."
Tun da gada ta tafi bai je wurin ba.
Ban ce komai ba. Iska ta kaɗa ganye.
Masu gudu suka wuce mu, har mai tura keken jariri.

Mu ne kurar baya.
Mai riƙon agogo ya naɗe tebur,
miyar kabewa ta huce a tukunya.
Aka rataya mana lambar yabo, ɓallin itace da zare.

Da aka ƙirga kuɗi, sun isa gada,
ban da madafar hannu.
Baba ya ce wannan sai baɗi,
kuma a rage wa katangar nan taku ɗaya.

Florian ya yi barci a mota,
taɓo ya bushe a bayan kunnensa.
Na bar shi har safiya.