Yankan Hannuna

Shekara arba'in da ɗaya ina fawa.
Tukubata na bakin tasha, gabas da masu albasa,
mai sauka daga motar Ƙwanni yakan san hayaƙina
kafin ya san Tawa.

Ba na ɗora wuƙa sai na duba alƙibla,
na ba dabba ruwa ta sha,
na yi bisimilla yadda baba ya koya min.
Abin da ba zan ci ba ban taɓa sayar da shi ba,
wannan ba ya buƙatar rantsuwa.

Almu ɗan ƙanena ne.
Da Nomau ya tafi biɗa Abijan bai dawo ba
ni na ɗauke shi, haƙoransa huɗu.
Da romon ƙashi aka yaye shi,
da kuɗin kilishi ya shiga lakwal.
Tsokar da ke damtsensa yau
daga faifan nan ta fito, na kasuwa.

Bara ya koma masallacin bayan gidan mai.
Na ce madalla, yaro ya kama salla.
Ran nan sai ya tsaya nesa da tukuba
kamar mai tsoron tartsatsi,
ya ce, Baffa, yankanka mushe ne
tunda kana sakin hannu a salla.
Ya faɗa, ya juya,
ko gaisuwa.

Na kai kuka wurin limaminmu, Malam Gado,
ina zaton zai zuba ruwa.
Sai ya ƙara itace:
kada ka sake amsa sallamarsu,
kada ka je musu suna, kada ka je musu mutuwa.
Na fito na tsaya tsakiyar layi,
lasifikar dama na zagin ta hagu,
ta hagu na ramawa.
Kwatar da ke tsakaninsu ta toshe tun damina,
sauro na ta biki a kanta.
Kowa da hujja a baki,
shebur ba ya hannun kowa.

Da, a unguwar nan ta Bilbis,
in gobara ta tashi ba a tambayar inda kake sa hannu,
guga ake miƙa maka.
Hankali tsoho ne a cikinmu, mai sanda,
yana zaune gindin dogon yaro,
in gardama ta yi zafi ya yi gyaran murya a watse.
Ban ji shelar rasuwarsa ba.
Tabarmarsa dai na gani a naɗe,
an sare inuwa.

Ni izu biyu ne da ni, ban yi zurfi ba.
Amma na san wuƙa.
Wadda aka kwana ana wasawa
da yatsan mai ita take farawa.

Jiya da almuru Tsahara ta zo,
ƴar Almu, ba takalmi,
dala biyar a dunƙule cikin hannu.
Ta ce, Kaka, Abba ya ce wuta za ka shiga.
Na ce, ƴar nan, shekara arba'in da ɗaya ina gefenta,
mun saba.
Ta yi dariya, ni ma na yi,
sai hayaƙi ya shige min ido.
Na zaɓo mata mai laushi, na barbaɗa ƙuli, ban sa yaji ba.
Ta cinye a tsaye.
Na goge mata baki da gefen rigata
kada a ga maiƙo a gida a yi mata tsawa.

Kuɗinta na mayar mata.
Na naɗe tsinke biyu a takardar siminti,
na riƙe, na riƙe,
bakina ya kasa cewa kai wa ubanki.
Ta gudu. Garwashi ya mutu.
Ƙunshin na cikin aljihuna, ya huce,
da shi na yi isha'i, hannuwana a sake,
na roƙa wa Almu abin da nake roƙa masa tun yana rarrafe:
kada ya kwana da yunwa.