Ɗigon Baƙin Mai

Kowace safiya a Aboabo,
ƙarƙashin babur ɗina, tabo
faɗin kwabo a kan siminti.
Mai gidan haya ya fara tsaki.

Na tura shi har Suame.
Sallau bai ko ɗauki sifana ba.
Ya ce, "Inda mai ya faɗi,
ba nan ya fito ba."

Ya wanke injin da kananzir,
ya bar shi ya sha rana,
ya aiki yaro ya sayo hoda,
ya barbaɗa masa kamar jariri bayan wanka.
"Tayar." Na tayar. Muka tsuguna.

Shiru, shiru.
Sai ga siririn zare baƙi
ya keto farin daga sama,
can bayan murfin kai.

Gaskit ne ya bushe ya tsage.
Ni kuwa sau uku ina ɗaure notin ƙasa,
ina zagin wanda bai ci ba, bai sha ba.

Sidi arba'in, har da kuɗin hoda.

Daren nan na shimfiɗa kwali.
Da asuba, kafin alwala,
na haska tocila:
fari fat.