Furen Tonga

A Ambovombe ƙasa ja ce, ruwan sama kuwa baƙo,
sai ya ga dama yake leƙo mu.
Tonga ba ruwanta da fari.
A gindin ƙaya take fitowa,
fure mai kunne biyar, ja-ja kamar dasashin jariri.

Shekara goma sha ɗaya ina tsinkar ta.
In shanya ganye, in kakkaɓe saiwa, in danna a buhu,
mai sikeli ya zo da motarsa
ya ƙirga mini abin da bai kai mudu uku na shinkafa ba.
Ban taɓa tambayar inda ake kai ta ba.
Mai jin yunwa ba ya bin sawun buhu.

Sai Tsiory ya fara ɗashewa.
Tabo shuɗi a ƙwauri, alhali bai faɗi ba.
Haɓo da dare, haɓo da hantsi.
Na goya shi, ɗan shekara shida, har ƙofar Rehavitse mai magani.
Tsohon ya ja fatar idonsa ya duba,
ya daɗe bai ce uffan ba,
sannan ya ɗaure bakin jakarsa.
Ya ce, wannan ya fi ƙarfin jakata, 'yata.
Sayar da san nan. Ki tafi babban birni.

Kwana uku a motar haya zuwa Antananarivo,
kansa a cinyata, numfashinsa kamar na tsako.
A gefen zanena na ƙulle busasshiyar tonga
da ɓawon itacen da kakarsa ta ba ni.

Likita Hanitriniala ta ce, sankarar jini.
Ba ta yi sauri ba, ta bar kalmar ta zauna.
Da dare ta same ni a bayan ɗaki ina hura gawayi.
Ba ta yi mini tsawa ba. Ta tsuguna,
ta ce, kwance ƙullin in gani.

Ta ɗaga ɓawon: wannan ban san shi ba,
kuma hantar yaron tana da aiki, ajiye shi.
Ta ɗaga tonga, ta yi shiru, ta ce biyo ni.
Ta nuna mini wata 'yar kwalba
da ba ta kai ɗan yatsana ba.
Ta ce, daga ganyenki aka tato wannan.
Tulin buhuna ke ba da ɗan abin da kike gani.
A tukunya ba ta da ma'auni, cutar da shi za ta yi.
A nan an auna ta daidai da nauyinsa.

Na yi dariya har na ji kunya.
Da na ji kuɗinta kuma, dariyar ta maƙale.
Ashe abin da na sayar da araha
ya ƙetare teku, ya sa farar riga,
ya dawo bai gane ni ba.

Citta dai ta yarje mini, saboda tashin zuciya,
'yar kaɗan, a ruwan ɗumi.
Ita ke sa allura, ni ke riƙe ƙoƙo.
Duk abin da zai shiga bakinsa sai na nuna mata,
ita ma ba ta rataya leda sai ta faɗa mini sunanta.

Yau wata bakwai.
Gashinsa ya zube, yatsunsa na mutuwa da safe,
amma jiya ya cinye shinkafarsa ya sa hannu a tawa.
Likita ba ta ce ya warke ba.
Ta ce jinin na jin magana, tafiya da saura.

A gwangwanin madara, bakin taga,
irin da ya zube daga ƙullina ya tsiro.
Tsiory na ƙirga kunnuwan furen kullum,
wai ko wata rana zai samu shida.