Ranar Sauke Jaka

Shekara talatin da takwas Anselmo na rataye da jakar wasiƙu,
har kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama kusa da ƙasa.
Yau zai sauke.
Nieves ce magajiya, tana biye, idonta a kan waya.

Ya ce: Mayar da ita aljihu, yarinya.
Zare ɗaya ta sani, shuɗi, wanda bai taɓa gumi ba.
Mu nan garin ba kowace hanya muke kira hanya ba.

Wannan calle ce. Mota na wucewa, gidaje da lamba,
kowa da labulensa, kowa da abin da ya rufe.
Karya kwana nan: callejón.
Buɗe hannuwanki, ki taɓa bango biyu.
Gaba ba ta daɗewa a nan,
don in an haɗu dole wani ya karkata kafaɗa.
Casimiro da ƙanensa shekara tara ba ko sallama.
Lungun nan ya shirya su, shi da ruwan sama da lema guda.

Cuesta kuwa ba da baki ake koyonta ba,
gwiwa ke karanta ta.
Matakala ɗari da sha ɗaya zuwa gidan mai gasa burodi.
In kin ƙirga ɗari da goma
kin tsallake fasasshiyar, kin kyauta.

Suka tsaya, ya mai da numfashi.
Can ƙasa, itatuwa a jere, kujeru, mai sayar da furanni.
Rambla, in ji shi. Da rafi ne.
An shimfiɗe masa dutse, amma ruwa ba ya mantuwa.
Sau ɗaya a idona ya dawo neman gidansa,
ya tafi da kantin Eulalia har da sikeli.

Cañada ta tumaki ce, sun riga mu.
In sanyi ya kunno kai su gangara, in ya tafi su hau,
ƙararrawa a wuya, magajin gari ma sai ya jira.
Ronda na bin inda ganuwa take a da;
ganuwar ta tafi, zagayen ya zauna.
Paseo ta maraice ce, ba a zuwa ko'ina a kanta.
A nan na fara ganin Herminia da jan takalmi.
Sau bakwai na wuce ta kafin bakina ya buɗe.

Nieves ta nuna baƙar kwalta a bayan gonakin zaitun:
Waccan fa?

Ya daɗe bai amsa ba.
Carretera.
Ba ƙofa ko ɗaya a kanta.
Ta ɗauki Fermín ɗana da akwati guda,
tana ara mini shi kwana huɗu a shekara.

Wasiƙa ɗaya ta rage a gindin jaka:
Calleja del Horno, lamba uku.
Nieves ta saci kallon waya. Babu.
Ya yi dariya har da tari.
An sauya mata suna tun ba a haife ki ba,
aka ba ta na wani da bai taɓa taka ta ba.
Mai rubutowa yana ƙetaren teku,
amma a tsohon garin yake kwana.
Kada ki mayar masa da ita.
Tanderun ya mutu; duba inda kyanwoyi ke kwanciya,
ƙofa ta biyu, koriya, ki buga da ƙarfi, ba ta ji sosai.

Da rana ta karkata suka iso bakin gari,
inda dutse ya ƙare, jar ƙasa ta fara
tana hawa zuwa wani farin shinge da dogayen itatuwa.
Ba ta tambaya ba. Shi ya faɗa:
Camino.
Ba lamba, ba akwatin wasiƙa.
Herminia na can ƙarshensa. Ran Lahadi nake zuwa.

Ya cire jakar, ya miƙa.
Fatar ta yi laushi kamar tafin tsohuwa.
Nieves ta rataya a hagu.

Ya ce: Ki riƙa sauya kafaɗa.
Ni ba wanda ya gaya mini.