Guzurin Baki

Saura kwana tara jirgi ya ɗaga daga Kutaisi.
Na sayi ɗan littafi a bakin kasuwa,
lari biyar, bangonsa ya sha hannu.
Mai littafin ɗan yawon buɗe ido ya sani:
ina tashar jirgi, ɗakin nan yana kallon teku?
Ni ba kallon teku zai kai ni ba.
Akwai wata tsohuwa a Bari, Sinyora Immacolata,
tamanin da bakwai, ƙugu a karye,
'ya'ya sun watse uwa duniya.
Ita ce tekuna.

Maƙwabciyata Guliko ta yi shekara sha ɗaya a can,
ta dawo da ciwon baya da kuɗin rufin kwano.
Ta juya littafin, ta ja tsaki,
ta ɗauki fensirin jikanta ta rubuta a bango:
Ha mangiato? Kin ci abinci?
Dove fa male? Ina ke ciwo?
Piano piano. Sannu-sannu.
Ta ce, ukun nan su ne aikin,
saura duk kwalliya ce.

Da dare ina bita a ɗakin girki,
tukunyar wake na ɓararraka.
Harshenmu baƙaƙe ne a cunkushe,
duwatsun kogin Rioni suna karo da juna.
Nasu kuwa kowace kalma da baki buɗe take ƙarewa,
kamar ƙofar da aka manta ba a ja ba.
Grazie. Prego. Scusi.
Na taka tsintsiya na ce mata scusi,
ɗana Zaza ya yi dariya har ya ƙware.

Kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya.
A wurinmu mama uba ne, deda ce uwa.
Can sun juya tabarmar.
In tsohuwar ta farka tsakar dare tana kiran mamma,
ni mahaifina zan gani,
da hularsa, da shunin inabi a tafinsa,
shekara shida ke nan yana ƙasa.

Ba ni da abokin gwaji sai uwata, Tsiala.
Tana gindin taga tana ɓare wake,
ido ya yi yana, kunne ɗaya ya ajiye aiki.
Na durƙusa: Ha mangiato, signora?
Ta ce, yau kuma wane aljani ya hau ki?
Na ce: Dove fa male?
Ba ta san ko harafi ba,
amma ta kama hannuna ta ɗora a gwiwarta ta hagu,
daidai inda ke hana ta barci.
Na rasa harshen da zan amsa da shi.

Wa zai tambaye ta haka Larabar sama?
Zaza na da kirki, amma yaro ne,
ba ya ganin kwanon da aka ture ba a taɓa ba.
Zan je in wanke uwar wasu da ruwan ɗumi
don in aiko kuɗin maganin tawa.
Guliko ta ce haka lissafin yake,
kada in tsura masa ido.

A shafin ƙarshe na tarar da ciao.
Da ita ake shiga, da ita ake fita,
kalma guda, ƙofa guda.
Na koya wa uwata. Ta ce kamar atishawar kyanwa.
Na ce, riƙe ta, ranar tafiya ki faɗa mini,
ranar dawowa ma ita ce,
ba sai kin koyi wata ba.

Ta ci gaba da wakenta.
Can, ba ta ɗago ba, ta ce,
ɗayar fa, ta sannu-sannun nan?
Na ce, piano piano.
Ta ce, to, ita za ki riƙa faɗa in za ki ɗaga ta.
Tsoho ba ya son a fizge shi.