Mai Shayin Gindin Darbejiya

A Madani, gindin darbejiyar da ke kallon tasha,
shekara tara ina zuba wa mutane sukari.
Cokali uku na direban Sinnar,
huɗu na ɗan dako, don rana ta daɗe a kansa.
Kofin da ya yi saura kuwa nawa ne.

Inna ce ta fara ganin wuyana.
Ta ce, dauɗa ce, Tasalla.
Ta kawo soso, ta dirza har fata ta yi yaji.
Baƙin na nan, lumus kamar karan-miski,
bai san ruwa ba.

Wata ya tsaya, ya cika, ya ɓace, wani ya tsaya,
al'adata ko sallahu ba ta aiko ba.
Gashi uku suka tsiro mini a haɓa,
na tsige su da asuba kafin gawayi ya kama,
ran Juma'a suka dawo da danginsu.
Laffayar da kan zagaye ni har ta bar saura
yanzu sai da lallashi.

Likita Ikhlas ta shafa mini sanyi a mara,
ta juyo allon wajena.
Na ga 'yan ƙulle-ƙulle jere a gefe,
kamar duwatsun jigida da aka shirya, ba a ɗaura ba.
Ƙwayaye ne, in ji ta, da suka taso ba su kai ba.

Sai ta nemi jinina.
Na ce, ina ruwan jini da mara?
Ta ce, gida ɗaya ne.
Insulin na buga ƙofa da kayan sukari a ka,
jiki ya yi kunnen uwar shegu,
sai a ƙaro masu bugu, a ƙaro,
hayaniyarsu ta hana ƙwai nuna,
sukarin kuma ya kwana waje, cikin jini.
Ba ki shiga ɗakin ciwon ba tukuna,
amma takalminki na bakin zaure.

Na fito da farar ƙwaya a ƙullin mayafi.
Mako guda cikina yana ƙorafi.
Na raba kisra biyu, na ƙara kuɓewa,
zoɓo na sha shi da tsaminsa, ido a runtse.
Bayan la'asar nakan bi gaɓar Nilu da ƙafa
har inda masunta ke shanya koma,
in dawo da zufa da haushi,
wata ran da waƙa.

Wata na biyar ta zo, ba sallama,
ina tsaka da wankin kofuna.
Na zauna a kan galan, na yi dariya ni kaɗai.
Wata na shida ba ta zo ba.
To, ba a sasanta gida rana ɗaya.

Jiya direban Sinnar ya miƙo kofi,
ya ce, kamar kullum.
Na zuba biyu, na kaɗa cokali da ƙarfi.
Ya shanye, ya biya,
bai ce komai ba.