Tambayar Bakanike

A Ƙofar Ruwa, ina ƙarƙashin tsohuwar Fijo,
Sagiru ya miƙo min waya:
"Baba, ga jirgin da ke tsallake taurari
kafin ƙiftawar ido."

Na goge hannu a riga.
Ina yake shan mai?
Inda babu ƙasa, me birkinsa zai kama?
Hasken rana ma, in ji malaminku,
minti takwas yake a hanya.

"Injinsa har kuka yake yi."
Na tuntsire. Yaushe ƙarfe ya yi hanta?

Da magariba janareto ya ƙi tashi.
Ja bakwai, shiru.
Na dafa kafaɗarsa:
"Haba dattijo, yi haƙuri."

Ya yi tari. Ya kama.

Sagiru bai ce uffan ba.
Ni ma ban kalle shi ba.